Daga shida ba ƙari: yadda kanel ke ƙayyade yawan agumen

Akwai wani kira a cikin kanel ɗin Linux mai suna pselect6. Wanda ya fara cin karo da shi zai ɗauka lambar siga ce ke manne a wutsiyar sunan, wato an yi na ɗaya har zuwa na biyar kafin a iso kansa. Ba haka ba ne, tabo ne da wata matsala ta bari. Aikin kiran shi ne ya zaunar da manhaja tana jiran fayiloli da yawa a lokaci guda har ɗayansu ya shirya. Kafin ya yi wannan aiki sai an gaya masa abu bakwai: iyakar lambar fayilolin, waɗanda ake jira a karanta, waɗanda ake jira a rubuta, waɗanda ke cikin yanayi na musamman, tsawon lokacin jira, siginonin da za a toshe yayin jiran (wato saƙonnin da ke katse manhaja), da kuma girman wannan jeri na siginoni. Ita kuwa ƙofar da ake bi a shiga kanel gurbi shida gare ta. Sai aka ɗaure na shida da na bakwai a ƙunshi ɗaya, aka ajiye a memori, aka miƙa wa kanel adireshin ƙunshin a gurbi na ƙarshe, kuma wannan shidan ne ke wutsiyar sunan. Tun da kiran ya shigo a Linux 2.6.16 a 2006, haka yake tafiya har yau.

Bari mu daidaita kalmomi kafin mu yi nisa. Kanel shi ne tsakiyar babbar manhajar kwamfuta, shi ke riƙe da memori da faifai da duk wata na'ura da ke jone, kuma babu manhajar da ke taɓa su sai ta hannunsa. Fankshin wani yanki ne na kod da aka raɗa wa suna don a riƙa kiransa ya yi aiki ɗaya. Agumen kuma su ne abubuwan da kake damƙa masa a lokacin kiran: wane fayil, bayit nawa, daga ina zuwa ina. Kada a haɗa wannan da kuskuren nan da masu rubuta umarni ke gani idan sun jero wa wani umarni dubban sunayen fayiloli, kwamfuta ta ce jerin ya yi tsawo. Wancan iyaka ce ta yawan rubutun da ake miƙa wa sabuwar manhaja lokacin tayar da ita, kuma da bayit ake auna ta. Tamu magana a kan ƙidayar gurabe ce.

Harshen C, wanda da shi aka rubuta mafi yawan kanel, ba shi ya kawo shida ba. Ƙa'idarsa ta 1989 ta wajabta wa kowace kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa yaren firosesa, ta iya ɗaukar aƙalla agumen 31 a fankshin guda, ta 1999 kuma ta ɗaga zuwa 127. Wannan ma mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi ne, kwamfailolin gaske suna wuce nan. To ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Sai an sauka ƙasa, zuwa ga ƙarfen kansa.

A jikin firosesa akwai wasu 'yan ƙananan ma'ajiyai da ake kira rajistoci. Sun fi kowane irin memori sauri, amma ba su da yawa. Firosesar x86-64 tana da guda 16 na aikin yau da kullum, kowace tana ɗaukar bit 64. Da yake mai kira da wanda aka kira galibi mutane daban-daban ne suka rubuta su, dole a yi yarjejeniya a kan inda za a ajiye agumen na ɗaya, da na biyu, har zuwa ƙarshe. A Linux a kan x86-64, shida na farko suna shiga rdi, rsi, rdx, rcx, r8 da r9. Windows a kan wannan firosesa ɗin dai huɗu kawai ta ware: rcx, rdx, r8 da r9. ARM mai bit 64 ta ba da takwas, daga x0 zuwa x7, tsohuwar ARM mai bit 32 huɗu, RISC-V takwas. Idan agumen suka fi rajistocin yawa babu abin da ke fashewa. Ragowar ana jera su a kan sitak, wato wani yanki na memori da kowane aiki mai gudana ke tara kayansa na wucin gadi, na sama a kan na ƙasa. Ga fankshin na yau da kullum, ke nan, na bakwai ɗan ƙarin wahala ne kawai: a rubuta shi a memori, a sake karanto shi.

Labari yana canzawa ne idan kiran zai tsallaka iyaka, daga manhajar mai amfani zuwa cikin kanel. Mu duba abin a kusa. A ce manhaja tana so ta rubuta kalmar "sannu" a allo a kan Linux na x86-64. Za ta sa 1 a cikin rax, domin 1 ita ce lambar kiran write. Za ta sa 1 a rdi, lambar mafitar da ke kaiwa allo. Adireshin inda haruffan suke a memori ya shiga rsi, sannan 5, yawan haruffan, ya shiga rdx. Daga nan sai ta zartar da umarnin firosesa mai suna syscall. Nan take firosesa ta canza matsayi zuwa na kanel, kanel ya koma kan nasa sitak ɗin, ya kwafe duk rajistocin ya adana, ya dubi rax ya gane abin da ake nema. Agumen uku, rajista uku, an gama.

Akwai wani ɗan abu a nan da ke rikita masu koyo. A kiran kanel, agumen na huɗu ba a rcx yake tafiya ba, a r10 yake. Dalili shi ne umarnin syscall da kansa yana rubuta adireshin da za a dawo a cikin rcx, yana kuma zuba yanayin firosesa a r11. Duk abin da ka bari a rcx ya tafi. Shi ya sa a cikin laburaren glibc, tarin fankshin da manhajoji ke bi ta cikinsa su kira kanel, dab da tsallakawa, za ka ga layi ɗaya tak da ke kwashe abin da ke rcx ya mayar r10. Jerin na kiran kanel ya zama rdi, rsi, rdx, r10, r8, r9. A r9 aka tsaya.

Me ya sa aka tsaya a nan alhali ga sauran rajistoci zaune? Amsar tana komawa 1991, lokacin da Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a kan Intel 386. Wannan firosesa rajista takwas gare ta: eax, ebx, ecx, edx, esi, edi, ebp da esp. Ita esp tana riƙe da kan sitak, ba a taɓa ta. Ita kuma eax tana ɗauke da lambar kiran. Takwas a cire biyu, saura shida. Ko shidan ma ba rana ɗaya aka kai gare su ba. Sigar farko ta Linux uku kawai take karɓa, ebx da ecx da edx. Daga baya aka kai biyar. Ta shida, ebp, ta daɗe ana kaffa-kaffa da ita domin kwamfailoli na amfani da ita wajen bin sawun sitak.

Wannan jinkiri ya bar baya da ƙura. Kiran mmap, wanda ke shimfiɗa fayil a cikin memori, agumen shida yake buƙata, a lokacin da guraben ba su kai haka ba. Sai aka yi masa irin dabarar da aka yi wa pselect6 daga baya, aka zuba duka shidan a ƙunshi aka miƙa manuni guda, wato adireshin ƙunshin. Tsohon select ma haka aka yi masa. Duk ayyukan sadarwa kuwa, buɗe soket, haɗawa, aikawa, karɓa, an cusa su ne a bayan kira ɗaya mai suna socketcall, wanda ke karɓar lambar aiki da manuni zuwa jerin agumen. Sai a Linux 4.3, a 2015, x86 mai bit 32 ta samu mafi yawan waɗannan kiraye-kiraye kowane da ƙofarsa. Tsofaffin suna nan ba a goge su ba, domin dokar gidan ita ce ba a karya manhajar da ke aiki jiya.

Mai lura zai ce, to me ya hana kanel ya leƙa sitak ɗin manhajar ya ɗauki na bakwai da na takwas, kamar yadda fankshin na yau da kullum ke yi? Babu abin da ya hana, wasu ma haka suke yi. A Windows, kiran NtCreateFile agumen 11 yake karɓa, kuma kanel ɗinta yana riƙe da bayanin yawan abin da kowane kira ke buƙata don ya kwafo ragowar daga sitak. A FreeBSD, sendfile bakwai yake karɓa. Kai, a cikin Linux ɗin ma, tsohon tsarin o32 na firosesar MIPS rajista huɗu kawai yake da su na agumen, na biyar zuwa na takwas daga sitak ake ɗebo su. Zaɓi ne, ke nan, amma zaɓi mai dalili. Sitak ɗin manhaja memorin manhaja ne, kuma kanel ba ya yarda da komai daga can. Adireshin na iya zama na bogi. Shafin memorin na iya kasancewa an kwashe shi zuwa faifai. Wani zaren aiki na manhajar, wato wani sashenta da ke gudana a lokaci guda, na iya canza abin da ke ciki a daidai lokacin da ake karantawa. Abin da ya shigo ta rajista kuwa, da zarar an tsallaka ya kuɓuce wa manhajar, ba ta da hannun da za ta sake taɓa shi.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda shidan kan kasa cika shida. A firosesa mai bit 32, lamba mai bit 64, irin wadda ake nuna wuri a cikin babban fayil da ita, rajista biyu take ci. Wasu firosesoci kuma, irin su ARM da PowerPC, suna da ƙarin sharaɗi: dole irin wannan lamba ta zauna a rajista biyu da aka haɗa su tagwaye, ba kowace biyu da ke maƙwabtaka ba. Mu ƙirga da sync_file_range, wanda ya shigo a Linux 2.6.17 don tura wani yanki na fayil zuwa faifai. Agumen huɗu ne a takarda: lambar fayil, wurin farawa, yawan bayit, da tutoci, wato ƙananan zaɓuɓɓukan e ko a'a da ake cusawa a lamba ɗaya. A kan ARM mai bit 32, lambar fayil ta shiga r0. Wurin farawa ba zai fara daga r1 ba, sai daga rajista mai lamba cika, don haka a bar r1 fanko ya ɗauki r2 da r3. Yawan bayit ya ɗauki r4 da r5. Tutoci suka faɗa r6, rajista ta bakwai. Agumen huɗu sun cinye gurbi bakwai. Maganin da aka yi shi ne sabon kira, sync_file_range2, wanda bai bambanta da na farko da komai ba illa an ɗauko tutocin daga ƙarshe an dawo da su na biyu, suka toshe ramin da ke r1. Kwatanta da fallocate, wanda ya zo bayansa a 2.6.23: lambar fayil, yanayi, wurin farawa, tsawo. Ɗaya, ɗaya, biyu, biyu. Shida cif, babu rami. Wanda zai ƙirƙiro sabon kira a Linux dole ya yi irin wannan lissafin yatsu, domin kiransa zai rayu a kan kowace firosesa da kanel ke tallafawa, har da wadda shi bai taɓa gani da idonsa ba.

Da tafiya ta yi tafiya, shida ta tashi daga matsayin ƙarancin ƙarfe ta zama tubalin da aka ɗora gini a kai. Makiro ɗin, wato gajerun sunayen da ke tsayawa a madadin dogon kod, da ake ayyana kiran kanel da su sun fara daga SYSCALL_DEFINE0 sun ƙare a SYSCALL_DEFINE6. Manhajojin bin diddigi irin su strace gurbi shida kanel ke ba su. Mafi nauyi duka shi ne seccomp, tsarin da ke bai wa manhaja damar kafa mai gadi a bakin ƙofar kanel, ya duba kowane kira ya ce wuce ko koma. Tun Linux 3.5 a 2012, abin da ake nuna wa wannan mai gadi takarda ce mai bayit 64: lambar kira, nau'in firosesa, adireshin da aka yi kiran daga gare shi, da gurabe shida masu bayit takwas-takwas. Manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox, da tsarin kwantena masu killace manhaja a keɓe irin su Docker, duk sun rubuta dokokin tsaronsu a kan wannan siffa. Ƙara gurbi na bakwai yau yana nufin a samar da agumen da tsofaffin masu gadi ba su san da shi ba. Shi ya sa ARM mai bit 64 da RISC-V, duk da suna da rajista takwas-takwas na agumen, a kiran kanel shida ake karantawa, daga x0 zuwa x5, daga a0 zuwa a5.

Kiraye-kiraye da dama suna zaune a bakin gaɓa, sun cika shidan ba wurin motsi: mmap, sendto, recvfrom, splice, copy_file_range, epoll_pwait. Wasu sun koma yin rufa-ido. A futex, agumen na huɗu wani lokaci manuni ne zuwa tsawon jira, wani lokaci kuma lamba ce tsura da aka sa wa rigar manuni, ya danganta da aikin da aka nema. Shi kuma io_uring_enter, da aka so ƙara masa iyakar lokacin jira a Linux 5.11 aka tarar babu gurbi, sai aka ƙirƙiri tuta wadda idan an ɗaga ta, ma'anar gurbi na biyar ta canza ya zama manuni zuwa ƙunshi. Yana aiki, amma ba abin da mutum zai yi alfahari da shi ba ne.

Hanyar da ta zama ta zamani ita ce a rungumi ƙunshin tun farko, a kuma tsara shi yadda zai iya girma. Misali mafi kyau shi ne clone3, wanda Christian Brauner ya kawo a Linux 5.3 a 2019. Tsohon clone, mai haifar da sabon furoses, wato manhaja mai gudana, ko sabon zaren aiki, agumen biyar yake karɓa, jerinsu ma ya bambanta daga firosesa zuwa firosesa, kuma tutocinsa masu bit 32 sun ƙare ƙarƙaf. Shi clone3 abu biyu kawai yake karɓa: manuni zuwa ƙunshi, da girman ƙunshin. A ranar farko ƙunshin bayit 64 ne mai gurbi takwas. A 5.5 ya kai 80, a 5.7 ya kai 88, gurbi 11 ke nan, kuma ba a sake sunan kira ba. Dabarar tana cikin wannan agumen na biyu. Idan tsohuwar manhaja ta kawo gajeren ƙunshi ga sabon kanel, sai ya cike ragowar da sifili, kuma an tsara cewa sifili na nufin "yi yadda aka saba". Idan sabuwar manhaja ce ta kawo dogon ƙunshi ga tsohon kanel, sai ya duba wutsiyar da bai sani ba. In sifili ce zalla, ba a nemi sabon abu ba, ya ci gaba. In akwai wani abu a ciki, ya ƙi da kuskuren E2BIG maimakon ya yi shiru ya yi rabin aiki. Aleksa Sarai ya tattara wannan ƙa'ida a fankshin guda, copy_struct_from_user, ya kuma gina openat2 a kanta a Linux 5.6.

Tsari ne mai kyau, ban musa ba. Amma an gudu ba a tsira ba. Ka tuna mai gadin nan na seccomp: rajistoci kawai yake gani, ba ya bin manuni. Da gangan aka hana shi, domin da zai buɗe ƙunshi ya duba ya ce wuce, wani zaren aiki na iya sauya abin da ke ciki kafin kanel ya karanta nasa karatun, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da tsohon clone, mai gadi na iya cewa, na yarda ka haifi zaren aiki amma ban yarda ka ɗaga tutar da ke ware maka sabuwar duniya ta masu amfani ba, domin tutar tana nan a rajista a fili. Da clone3, abin da yake gani adireshi ne da lamba 88. Ambulan ce a liƙe, ko ya bar ta ta wuce da duk abin da ke ciki, ko ya mayar da ita.

Wannan ya fito fili a 2021. Laburaren glibc 2.34 ya fara gwada clone3 tukuna duk lokacin da za a haifi zaren aiki, da shirin cewa idan kanel ya amsa da ENOSYS, wato "ban san wannan kira ba", sai a koma tsohon clone. Amma dokar tsaro ta asali a Docker na lokacin, duk kiran da ba ta sani ba EPERM take amsawa, wato "an hana ka". Da glibc ya ji an hana shi sai ya tsaya, bai gwada tsohuwar hanya ba. Kwantenonin Fedora 35 da Ubuntu 21.10 suka riƙa kasa tayar da zaren aiki a kan injinan da ba a sabunta ba. Gyaran da aka yi shi ne mai gadi ya yi wa glibc ƙarya mai amfani, ya ce masa kiran babu shi, don ya koma kan clone inda ake ganin tutoci. Wato sabon kiran da aka yi don a huta da ƙuncin tsoho, masu tsaro sun wayi gari suna tura mutane kan tsohon da gangan. Ga kuma ɗawainiyar da ƙunshi ke jawowa a wani gefen: manhaja mai bit 32 da ke gudana a kan kanel mai bit 64 manuninta bayit huɗu ne, na kanel takwas, don haka ƙunshin da aka sa manuni tsura a ciki siffa biyu gare shi, sai an rubuta masa mai fassara. Shi ya sa kowane gurbi a ƙunshin clone3 aka yi shi bit 64, har wanda ƙaramar lamba zai ɗauka.

Akwai wata iyakar da ta fi shida matsi, a ɓangaren eBPF. Wannan wani ƙaramin inji ne na kwaikwayo a cikin kanel, wanda ya kankama a 2014 a hannun Alexei Starovoitov da abokan aikinsa, yana ba mutum damar ɗora ɗan gajeren kod ya gudana a cikin kanel bayan an tantance shi. An tsara shi da rajista 11, daga r0 zuwa r10, da sitak mai bayit 512 kacal. Agumen suna tafiya a r1 zuwa r5. Biyar. An zaɓi haka ne don kowace rajistar kwaikwayo ta hau kan ta gaske kai tsaye, r1 ta zama rdi, r2 ta zama rsi, har r5 ta zama r8, kira ya wuce ba tare da an taɓa sitak ba, mai tantancewa kuma ya san nau'in abin da ke kowane gurbi. Duk wanda ya taɓa neman kuskure a irin wannan kod ya ɗanɗana sakamakon. Fankshin ɗin buga saƙo, bpf_trace_printk, gurbi ɗaya na tafiya ga rubutun saƙon, ɗaya ga tsawonsa, saura uku. Kana son ganin lamba huɗu a layi guda, babu hali, sai ka raba layi biyu, kuma idan injin na da firosesa da yawa, saƙon wani na iya kutsowa tsakanin layukan naka. Haka aka yi ta fama tun 2015 har Linux 5.16 ya kawo bpf_trace_vprintk, wanda ke karɓar, ka riga ka sani, manuni zuwa jeri da girman jerin.

Sai kuma lamba 12, wadda ba ruwanta da ƙarfe ko kaɗan. A cikin kanel akwai wuraren leƙe da aka dasa a muhimman gaɓoɓi don masu bincike su ga abin da ke wucewa, kuma kowane wuri yana miƙa wasu agumen ga duk wanda ya maƙala kunne. Don a haɗa su da eBPF ana buƙatar fankshin na musamman ga kowane adadi, makiro na C kuwa ba su iya zagaye su ƙirga da kansu, sai an rubuta kowane da hannu. Aka rubuta bpf_trace_run1, da na 2, har aka tsaya a bpf_trace_run12. Wanda ya ƙara agumen na 13 a wurin leƙensa, ginin kanel zai tsaya da wani saƙon kuskure mai nuni ga sunan da shi bai taɓa rubutawa ba. Irin wannan iyaka ana iya ɗaga ta da 'yan layuka, amma amsar da mai neman hakan ya fi cancanta ita ce tambaya: me ya sa ba za ka miƙa manunin abin da waɗannan lambobi 13 suka fito daga cikinsa ba? A wurin leƙe ƙunshi ba shi da illar da yake da ita a bakin ƙofa, tunda memorin na kanel ne, babu baƙon hannu a ciki.

Wannan ya kawo mu ga fankshin na cikin gida, waɗanda kanel ke kiran kansa da kansa. A nan babu doka. Takardar salon rubutu ta Linux ta yi magana a kan tsawon fankshin, ta kuma ce kada ma'ajiyan wucin gadi na cikinsa su wuce biyar zuwa goma saboda iyakar abin da ƙwaƙwalwar mutum ke iya riƙewa, amma ba ta yanke adadi ga agumen ba. Ƙarfe yana da ɗan ta cewa: sitak ɗin kanel a x86-64 kilobayit 16 ne, shi ma sai a Linux 3.15 a 2014 aka ninka shi daga 8, alhali manhajar mai amfani ta saba samun megabayit 8, ninki 512 ke nan. Kowane agumen da ya haura shida yana cin bayit takwas a wannan ɗan wuri, kuma kira na iya nutsawa hawa da yawa, daga tsarin fayil zuwa na faifai zuwa na sadarwa. A x86 mai bit 32 ma kanel rajista uku kawai yake amfani da su tsakanin fankshin da fankshin. Duk da haka, a ganina wannan ba shi ne babban dalili ba. 'Yan bayit ne. Babban dalili idon mai karanta kod ne.

Dubi get_user_pages, fankshin da direbobin na'urori ke kira idan suna son riƙe shafukan memorin wata manhaja. Shekaru da yawa agumen takwas yake karɓa, kuma na biyar da na shida lambobi ne tsura, ɗaya na cewa za a yi rubutu a shafin, ɗaya na cewa a tilasta ko da izinin shafin bai ba da dama ba. A wurin kira abin da ido ke gani shi ne "1, 0" a tsakiyar dogon layi. Wanne ne rubutu, wanne ne tilas? Idan ka juya su kwamfaila ba za ta ce uffan ba, tunda nau'insu ɗaya, kuma mai duba kod da ya riga ya karanta layi ɗari biyar a ranar zai wuce abinsa. A Linux 4.6 aka cire biyu na farko, aka ware wa masu taɓa memorin wani furoses daban nasu fankshin, suka koma shida. A 4.9 Lorenzo Stoakes ya narkar da waɗancan lambobi biyu suka zama tutoci masu suna, FOLL_WRITE da FOLL_FORCE, ta yadda mai tilastawa dole ya rubuta kalmar da hannunsa kowa ya gani, suka koma biyar. A 6.5, a 2023, aka cire na ƙarshe, wanda mafi yawan masu kira dama fanko suke miƙa masa. Yanzu huɗu yake karɓa: inda za a fara, shafi nawa, tutoci, da inda za a zuba sakamako.